Na Wuce Ajin Manyan Baƙaƙe

Zuwa ga 'yata Auta,

Sallama da gaisuwa daga mahaifiyarki. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, kuma tarin da na ji a muryarki ta waya ya sake ki. Kin ce ba komai, amma ni na san tarinki tun kina goye. Ki rage ruwan sanyi, ki daina kwana da fanka a kanki. Mu nan lafiya lau. Babanki yana shago, gwiwar ce take ɗan taɓa shi in ya daɗe a kan keken ɗinki. Gwaggonki, yayarsa, tana nan yadda kika san ta, ba ta rasa abin cewa.

Saƙo ya iso. Direban motar da kika ba ya kawo mini har ƙofar gida. Ban taɓa riƙe abu marar nauyi irin wannan allon karatu ba, a ce wai littattafai ne jibge a cikinsa. Babanki ya juya shi gaba da baya yana neman inda aka ɗinke takardun. Da bai samu ba sai ya ɗinka masa jaka da ragowar yadi, har da igiyar ratayawa. Allah ya yi miki albarka.

Kin ce in kira ki mu yi magana a kansa. Na kira na ce ya iso, sauran magana kuwa sai a takarda. Na wuce shekara hamsin ina faɗa wa mutane su rubuta mini, suna rage abin da suka ga dama. Yanzu da hannuna ya iya, ba zan bar shi ya zauna ba.

Ga babban labari. Za a ɗauki sababbin mata a makarantarmu ta yamma, kuma Malama ta ce ranar da za su fara zuwa tana son ɗaya daga cikinmu ta tsaya a gabansu ta karanta labari, su ji da kunnensu cewa babba ma yana koya. Ni ta zaɓa, Auta. Da ta faɗa sai na waiga bayana, na zaci wata take nunawa. Na ce mata daga allona zan karanta, wanda 'yata mai aikin asibiti ta aiko mini. Labarin matar nan da ta ɓata a tashar jirgi na ɗauka, shi ne na farko a ciki.

Matsala ɗaya na samu, ita ma na gyara. Da na kunna shi sai na ga rubutun manya-manya, kalma shida ta cika layi, sak irin littafinmu na ajin farko. Na san masu yin sa ne suka saita shi haka don yara. Na kai wa mai gyaran waya na bakin titi, na ce ya mayar mini da shi irin na jarida. Ya rage, na ce ƙara. Ya sake ragewa, na ce ƙara. Ya ce Mama nan ne ƙarshensa. Na ce to nan nake so. Yanzu in kika gan shi sai ki rantse na likita ne.

Kaina yana ɗan sarawa da yamma, amma zafin gari ne.

Ki ci abinci a kan lokaci.

Mamanki


Mama,

Barka da gida. Na samu takardarki, na karanta ta a tsaye a bakin ɗakin gwaji, har abokiyar aikina tana tambayata me ya sa nake murmushi. Tari ya tafi. Ki gaida Baba, ki ce masa ya riƙa miƙe ƙafar, ki gaida Gwaggo.

Na ji daɗin zaɓen da Malama ta yi. Na faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da ni yau.

Amma Mama, ba masu yin allon ne suka saita shi ba, ni ce. Da gangan na ƙara girman rubutun kafin in aiko, domin manyan sun fi dacewa da ke yanzu. Don Allah ki mayar. Ba sai kin je wurin mai gyara ba. Ki buɗe littafin, ki taɓa saman allon, za ki ga alamar baƙi biyu, babba da ƙarami, a jere. Ki taɓa ta. Wani layi zai fito da ɗigo a kansa, ki ja ɗigon zuwa dama har sai ya yi miki. Ciwon kan nan ma ina zargin daga nan ne.

Ina sauri, an turo mu wani horo a wani gari, motar tana jira. Zan rubuto in na dawo.

Taki,
Auta


Auta,

Ina gaishe ki. Na ji tari ya tafi, mun gode wa Allah. Mu ma lafiya.

Na karanta takardarki sau uku, ko zan ga na fahimce ta ba daidai ba. Kin ce manyan sun fi dacewa da ni. To, na ji.

Bari in gaya miki abin da ba ki gani ba, domin lokacin kina can makarantarki. Littafinmu na farko, baƙi ɗaya ne yake cika shafi, da hoton akuya a ƙasansa. Ni da furfurata ina zaune a kan bencin da yara suka tashi da rana, gwiwata tana dukan tebur, ina cewa a, ba, ca. In zan fita sai in tura littafin ƙasan jaka, in ɗora mayafi a kai. Gwaggonki ta taɓa gani, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe akuya ake koya mana ganewa. Shekara ta biyu baƙaƙen suka ragu. Ta uku suka ƙara raguwa. A ajinmu kowa ya san haka ake gane wadda ta ci gaba, rubutun littafinta yana ƙanƙancewa. Ranar da Malama ta miƙo mini jarida na karanta mata sakin layi guda ban nemi taimako ba, na dawo gida na shiga ɗaki na yi kuka, Babanki ya zaci mutuwa aka yi.

Shi ne yanzu za ki ce in tsaya gaban sababbin mata da baƙaƙen akuya a hannuna. Su ce wannan ce ta yi shekara huɗu? To me ta wuce mu da shi?

Na san ba da mugun nufi kika faɗa ba. Amma ke da kika koyi karatu kina da shekara shida ba za ki san nauyin maganar ba. Kina ganina har yanzu kamar matar da take kawo miki takardar magani ki karanta mata. Na wuce nan, Auta. Ban taɓa alamar da kika ce ba, kuma ba zan taɓa ba.

Ina yin bitar labarin kullum bayan na gama aikin gida. Yana ɗan yi mini gardama, amma sabon abu ne, zan saba.

Ki kula da kanki a wurin horon. Ban san irin ruwan da suke ba ku ba.

Mamanki


'Yata,

Na gaishe ki. Shiru ya yi yawa. Duk ranar da direban ya shigo sai na leƙa tasha, ya ɗaga mini hannu wayam. Babanki ya ce kin kira shi kin ce horon ya ƙara tsawo, kina lafiya. Na yarda, amma raina yana gaya mini ko fushi kika yi da takardata. In fushi ne ki sauke, ina da abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba sai ke.

Auta, karatun yana guduna.

Da farko na ɗauka gajiya ce. Sai in fara layi, in kai tsakiya, in tsinci kaina a layin ƙasa. Baƙin da na sani kamar tafin hannuna sai in tsaya ina kallonsa, ban san ko wannan ne ko ɗan'uwansa ba. Na koma bin layi da yatsa, abin da na daina tun aji biyu, kuma in na taɓa allon sai shafin ya juye. Shekaranjiya Malama ta ce in gwada a gaban 'yan ajinmu. Na tsaya na fara. Ban gama shafin farko ba na yi tuntuɓe ya fi a ƙirga. Malama ta ce ba komai, tsoron taro ne. Amma na ga yadda ta kalli agogo.

Na daɗe ina jin ana cewa abin da aka koya da girma ba ya zama, yana tafiya yadda ya zo. Gwaggonki ta sha faɗa. Ina ganin shi ne ya same ni. Na zauna ina tunani, in ya tafi duka, wa zan sa ya rubuto miki? Shi ya sa nake ta rubutu yanzu tun hannun yana tunawa. Ki yi haƙuri in layukan sun karkace.

Na yanke shawara zan je in ce wa Malama ta ba wata. Gara a ce ban yi ba da in tsaya ina in'ina gaban matan da aka tara don su ga ana iyawa, su koma gida su ce ga wadda ta yi shekara huɗu ma ta kasa. Ba kunyata kaɗai ba ce, zan kore su ne. Ban gaya wa Babanki ba, domin ya riga ya yanka mini yadin da zan sa ranar.

Zan jira zuwan direba na gaba. In ban ji daga gare ki ba, zan je wurinta.

Mamanki


Mamata,

Ina gaishe ki da girmamawa. Lafiyata ƙalau, kuma ban yi fushi ba. Jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa, na karanta su a jere, ban iya cin abinci ba sai da na ɗauki biro.

Na san kin ga yadda na rubuta wannan, manya-manya, takarda har biyar. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki yi mini faɗa.

Maganar da na yi ta fito ba daɗi, na yi ta cikin sauri. Ban san labarin littafin akuya ba, ban san kina ɓoye shi a jaka ba. Da na sani da na zaɓi kalmomina.

Mama, kin san aikina? Kullum ana kawo mini ɗigon jini a kan gilashi. In na kalle shi da idona ba na ganin komai sai ja. Sai na sa shi ƙarƙashin na'ura na ƙara masa girma sannan nake ganin abin da ke damun mai jinin. Shugabarmu, wadda ta koya wa rabin ma'aikatan asibitin nan aiki, irin allonki gare ta, kuma rubutunta ya fi wanda na saita miki girma. Ta karanta littattafan da ni ban kai rabinsu ba. Idonta ne ya manyanta, kamar na kowa. Baba ma ai ke kike zura masa zare a allura a da, har ya sayi tabarau. Wa ya ce ya manta ɗinki?

A makarantarku rubutu yana raguwa ne don littafin ya ɗauki magana mai yawa. A allon nan maganar ba ta canzawa. Labarin da ke cikin ƙananan baƙaƙe shi ne a cikin manya, kalma ɗaya ba ta raguwa.

Yanzu ki tsaya. Kin iso nan. Sau nawa kika yi tuntuɓe tun daga sama? Sau nawa kika sa yatsa? In amsar ita ce wadda nake zato, to karatunki yana nan daram. Ido ne yake neman taimako.

A wurin da alamar baƙi biyu take, bayan girma akwai kauri, akwai tazarar layi, ki buɗa ta kada layuka su riƙa hawa juna. Hasken kuma ki rage shi, ki ja shi wajen ruwan ɗorawa, farin yana gajiyar da ido. Kada ki je wurin Malama sai kin gwada. Kuma in na zo hutu zan kai ki likitan ido.

'Yarki mai alfahari da ke,
Auta


Auta 'yar albarka,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Babanki da Gwaggonki. Muna lafiya. Kaina ya daina sarawa, bari in fara da wannan tunda na san shi za ki tambaya.

Da na buɗe ambulan na ga rubutunki kamar na allon talla, raina ya ɓaci sosai. Ko mayafi ban gyara ba na nufi shago. Na ce wa Babanki ya tsayar da keken ya ji irin rainin da 'yarsa take yi mini. Na tsaya a kansa na karanta masa da ƙarfi, da fushi, tun daga gaisuwa. Ina cikin yi sai na iso inda kika ce sau nawa na yi tuntuɓe. Na sauke takardar. Shi kuwa ya sauke tabaraunsa ya dube ni ta samansa.

"Ko mai karanta labarai a rediyo yana tsayawa ya haɗiye yawu," in ji shi. "Ke ba ki tsaya ba."

Na ce masa ya ci gaba da ɗinkinsa, ba da shi nake ba. Yana ta dariya har na fita.

Ban je wurin mai gyaran waya ba. Na zauna a tsakar gida na yi da kaina. Na taɓa sama, alamar ta fito, na ja ɗigon. Hannuna ya zarce, kalma biyu suka cika allon, na tsorata na dawo da shi. Na yi ta ja gaba da baya kamar mai gwada takalmi har na samu daidai ni. Na buɗa layukan, na ƙara kauri kaɗan, na mayar da hasken ruwan ɗorawa. Auta, sai na ga kamar an wanke mini taga. Baƙaƙen nan da nake zaton sun gudu, ga su nan kowa a wurinsa.

Amma ba ki gaya mini abu ɗaya ba. Na duba ƙasa na ga littafin da yake shafi ɗari biyu ya koma kusan dubu. Gabana ya faɗi, na ce na ɓata shi, ya kumbura. Sai da na duba farko na duba ƙarshe na ga labarin bai ƙaru ba. Yanzu in an tambaye ni sai in ce littafi mai shafi dubu nake karantawa. Ai ba ƙarya na yi ba.

Ranar ta zo. Ajin ya cika har wasu suna tsaye a jikin taga. Na sa kayan da Babanki ya ɗinka. Gwaggonki ta biyo ni, ta ce ita rakiya kawai ta zo, ta zauna can baya kusa da ƙofa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Da farko na riƙe allon a ƙirjina yadda ba mai ganin girman rubutun. Na fara. Layi na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Da na kai inda matar ta ga jirginta ya tashi ba ita, na ji wata a gaba ta ce wayyo. Daga nan na manta da tsoro. Sau ɗaya na tsaya, shi ma jira na yi su gama dariya.

Da na gama Malama ta tambaya ko akwai mai magana. Wata dattijuwa ta ce ita tana so, amma idonta ba ya ganin rubutun takarda, duk kamar tururuwa yake mata. Wasu suka ce su ma haka. Ban san lokacin da na juya allon ya kalle su ba. Na ɗaga shi sama na ce ga abin da na karanta, ku duba girmansa, shekarata huɗu a nan kuma da wannan nake karatu. Sannan na taɓa alamar a gabansu na ja ɗigon har ƙarshe. Aka yi ta miƙa shi daga benci zuwa benci, ni kuma zuciyata tana bin sa kada a yar.

Da ya kai baya, sai ga shi a hannun Gwaggonki. Ta nisanta shi, ta matso da shi, ta ɗora yatsa kusa da baƙi ɗaya.

"Wannan mai cikin fa, wane ne?"

Na ce mata shi ne farkon sunanta. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce ashe ba shi da wani muni. A hanyar gida ba ta ce komai ba, abin da ban taɓa gani ba tunda na shigo gidansu. Washegari da yamma na ɗauki jakata zan fita, na same ta a ƙofa da mayafinta, wai ƙafarta take son miƙewa. Har makaranta ta biyo ni, benci na biyu ta zauna a ajin sababbi. Na ba ta littafina na akuya, ta karɓa, ta tura shi ƙasan jaka. Na yi kamar ban gani ba.

Maganar likitan ido na yarda, amma da sharaɗi. Wancan zuwan da na yi shekarun baya, da suka ji ban iya karatu ba sai suka nuna mini wani abu mai ƙafa uku, suka ce in riƙa nunawa da hannu inda ƙafafun suka kalla. Wannan karon ki gaya musu allon baƙaƙe za su kunna mini. Zan kira su ɗaya bayan ɗaya da sunansu, inda idona ya tsaya in ce nan ya tsaya.

Takardarki ta gaba ki rubuto ta da manyan nan, ko za ta cinye takarda goma. Layin farko kuma ki sa gaisuwar Gwaggonki, gajera, ki ware baƙaƙen sosai. Ta ce kada wanda ya karanta mata, ita za ta yi da kanta.

Ki daina kwana da fanka a kanki.

Mamanki, da hannunta